Dokin da Ya Ja Surukina

Wata uku da aurena, uwar mijina, Mme Matlali (Mme a harshenmu shi ne mama), ba ta ba ni bargo ba. A danginsu uwar miji ce ke yafa wa amarya bargo ta soke shi da babban fil a ƙirji, daga ranar ta zama 'yar gida. Ni kuwa tana ta nazarina, wai 'yan matan Maseru, babban birninmu inda na tashi, ba su da kunya. Laifina biyu ne da na sani: ina aiki a kantin magani, kuma ina manna jan farcen roba. Ba zan ɓoye ba, abin yana ci mini rai.

Da sanyin Yuli ya kankama, don a ƙasarmu lokacin ne hunturu, mijina Tlali ya ce zai kai iyayensa yawon buɗe ido, mu ga tsofaffin garuruwa, mu hau duwatsu mu ga dusar ƙanƙara. Motarsa kuwa, in mutum ɗaya ya yi atishawa sai ukun sun goge fuska. A cikinta ake so in kiyaye dokar surukai: kada in taɓa mahaifinsa Ntate Mokhele (Ntate shi ne baba), kada in taɓa tufafinsa, kada in miƙa masa abu hannu da hannu. Aka sa shi gaba, ni baya, gwiwoyina a maƙale da ƙofa don kada su gogi kujerarsa. In ya nemi ruwa, sai in ba Mme, Mme ta ba Tlali, Tlali ya saki sitiyari ya ba shi.

A Morija muka shiga gidan tarihi da tsohuwar coci. Ntate ya yi wa mai yi mana bayani gyara har bawan Allah ya bar masa aikin. A Thaba Bosiu muka hau dutse har kaburburan sarakuna, aka ce a yi hoto. Na ja gefe don kada kafaɗata ta kusanci tasa, na ƙara ja, na ƙara. Da hoton ya fito, kunnena kaɗai ya samu shiga.

"Ko kunnen ma da ɗan kunne uku," in ji Mme.

Washegari muka kama hanyar Mokhotlong. Duniya ta yi fari fat. Ni da rigar sanyin kanti, su uku cikin barguna, haƙorana suna ta kaɗawa. A wani ɗan gari da ke kan dutse Tlali ya tsaya, shi da Mme suka shiga wani shago neman shayi da burodi mai zafi. Aka bar ni gadin mota, Ntate kuma yana tsaye nesa kaɗan yana yi wa iska jawabi, tunda ba zai yi da ni ba.

"A nan na yi kiwon tumaki ina yaro," ya ce. "Ko ido rufe na san kowane dutse."

Ya ɗaga sanda zai nuna, ya taka gefen hanya, sai na ga babu shi. Sandar kawai na gani tana gangarawa ƙasa.

Na ruga. Ashe rami ne dusar ta rufe, ya nutse har ƙirji, hularsa ta karkace. Ya miƙo hannu, da ya ga ko wace ce sai ya janye shi kamar ya taɓa wuta.

"Ba ke ba! Kira mijinki!"

Na ƙwala wa Tlali kira har muryata ta dushe. Iska ta kwashe. Na duba waya, babu layi. Na juya zan ruga shagon, sai ya motsa ya ƙara nutsewa har wuya.

"Ntate, ku kama gyalena."

"Gyalenki ba jikinki ba ne? Haka aka koya miki a Maseru?"

"To ku kama igiyar jakata."

"Jakar ta wa?"

Leɓɓansa sun fara canza launi, amma bakin bai mutu ba. Na tuna bargon da nake jira, na san in na taɓa tsohon nan na yi sallama da shi har abada. Raina ya ɓaci, da shi, da dusar, da wanda ya kawo shawarar tafiyar. Na durƙusa, na cafki wuyan bargonsa da hannu biyu, na ja. Yana ihu "A'a! A'a!" yana kuma tura ƙafa yana taimaka mini. Muka zube a bakin hanya tare.

Ya tashi ya kakkaɓe jiki, ya koma can nesa ya juya mini baya. Daidai nan su Mme suka fito da kofunan shayi.

"Ntate, me ya same ka haka?" Mme ta tambaya.

"Rami na faɗa. Wani doki ne ya zo wucewa, ya kama bargona da haƙori ya ja ni."

"Doki? Ina mai shi?"

"Shi kaɗai yake yawonsa. Dawakin nan na dutse akwai hankali."

Tlali ya fara waige-waige yana neman doki, Allah sarki. Mme ba ta waiga ba. Ta matsa tana gyara wa mijinta wuyan bargo, sai ta tsaya, ta zaro wani abu ja da ya maƙale a ulun. Na dubi hannuna. Yatsana na tsakiya babu farce.

Ta juya farcen a tafin hannunta, ta dubi mijinta, ta dube ni.

"Ikon Allah," ta ce. "Dawakin zamani har kanti suke zuwa gyaran kofato."

Ntate ya yi ta kallon sama kamar ana rubuta masa wani abu a can. Ni kuwa hawaye ya cika mini ido, na sunkuyar da kai ina jiran hukunci. Sai na ji ƙarar fil. Mme ta kwance bargon da ke kafaɗarta, da ɗuminsa, ta yafa mini, ta soke shi a ƙirjina da ƙarfi har na ji tsinin.

"Tsaya da kyau, 'yata," ta ce. "Tlali, ba dokin nan shayi, rawar sanyi yake yi."