Gurbin Marubuci

Sakatariya ake kiranta a kamfanin buga littattafan, alhali ba ta taɓa buga wa kowa wasiƙa ba. Aikinta cike bayanan kowane littafi a kwamfuta kafin a tura shi shagunan intanet: suna, marubuci, fanni, lamba, yawan shafuka. Da zarar ta tura, shagunan sun kwafe, gyara kuma sai wanda ya gani.

Wata rana, littafin Baba Unguwarzoma ne a gabanta. Tsohuwar ta shekara talatin tana karɓar haihuwa, ta yi tara tana rubuta abin da ta gani a littattafan 'yan makaranta. Sakatariya ce ta buga shi kaf, har wuraren da maiƙo ya cinye tawada.

Manaja ya shigo, turarensa ya riga shi isowa. Mutum ne da bai taɓa wuce bangon littafi ba, sai dai ya ɗaga ya ji nauyi. Ya ce a gurbin marubuci a fara sa Farfesa, tunda sunansa ke jan mutane. Farfesan nan gabatarwa kawai ya rubuta, shafi ɗaya da rabi, cikakken shafin kuma tarihin kansa ne.

Ta yi masa bayani a hankali: mai gabatarwa yana da gurbinsa daban, kuma shagunan sunan farko kaɗai suke nunawa, tsohuwar za ta koma "da sauransu".

"Da sauransun ma ai mutane ne," in ji Manaja. "Wa zai nemi unguwarzoma a intanet?"

"Masu ciki, ranka ya daɗe."

Ya ce ta tashi, shi zai cike da kansa. Ta ba shi kujera. Ya zauna yana farautar haruffa da yatsa ɗaya, ya jero Farfesa, Dokta, Shugaban wannan, Uban ƙungiyar wancan. Kafin ya kai ga sunan mutumin, gurbin ya yi ja ya ƙi karɓa. Haruffa sun yi yawa.

Ya kira Farfesa, har da ɗan rusunawa ga waya, ya tambayi wane muƙami za a rage. Daga inda take tsaye tana jin amsar: ba a kan titi ya tsinci ko ɗaya ba, ko a sa duka ko a cire shi gaba ɗaya. Ya kashe.

Manaja ya share gumi, ya miƙe.

"Kwamfutar nan taku ba ta da tarbiyya," in ji shi. "Ki san yadda za ki yi da ita."

Ta jira ƙofa ta rufu. Ta goge jerin muƙaman, ta rubuta sunan tsohuwar, ya shige har da sauran fili. Gurbin mai gabatarwa kuwa ta bar shi fayau, yadda Farfesan ya nema, ta tura.