Ranar da Ɗanliti Ya Shiga Gayya

A shekarar da man fetur ya yi tashin da ya sa motocin Ɗanbatta suka koma yini guda suna jiran fasinja, Asama'u ce mai tura fim a ƙauyensu. Yayanta Basiru ne ya bar mata tsohuwar kwamfuta da faifan sola kafin ya tafi kudu neman aiki, ita kuma ta kafa su a ɗakin Innarta. Bayan azahar matan unguwa sukan shigo da wayoyinsu, wasu da memori ƙulle a bakin zani, ta zuba musu abin kallo.

Ba turin kaɗai ke kawo su ba, har da bakinta. Asama'u ba mai magana ba ce a waje, amma in aka tambaye ta fim ba ta rage komai. Na Indiya na yanzu, in ji ta, an daina soyayya a cikinsu, mutum ɗaya ne zai doki gari guda har motoci su tashi sama, kuma ba don mai fassara yana zuba surutunsa a kai ba, barci za a yi. Na Koriya tana yaba musu tsabta da iya kuka, sai dai mace za ta surfa gero ta daka ta tankaɗe kafin saurayi ya buɗe baki ya ce yana so. Na Turawa ta ce duk aikin kwamfuta ne, ba mutum a ciki. Hure, matar maƙwabcinsu, ta fi ƙaunar na Turkiyya masu takubba da dawakai.

"Waɗannan ba sa ƙarewa, Yaya Hure," in ji Asama'u. "Jikokinki ne za su ga ƙarshensu."

"To ki zuba mini, in na mutu su ɗora," in ji Hure.

Har na Hausa masu dogon zango tana turawa, duk da takan ce rabinsu a buɗe wa mota get ake ƙarewa, rabi kuma tallan maganin sanyi. Iri ɗaya ne ba ya shiga kwamfutarta, wato barkwancin da ake sa wa mutum yagaggen wando a ce ɗan ƙauye ne. Kowa a unguwar ya san dalili, ba kuma mai tambaya.

Bara da kaka, lokacin cirar gyaɗa, wani ɗan wasan barkwanci da ake kira Ɗanliti ya zo daga birni da mutanensa. Shi ne jarumi, shi ne darakta. Ya roƙi mahaifin Asama'u, Baba Muhammadu Sani, ya ba su aron gonarsa, ya ce fim za su yi a kan wahalar manoma. Baba ya yarda, har ya sa aka dama musu fura. Da la'asar yana dawowa a kan jakinsa da ɗaurin harawa, sai suka sako masa ɗan jirgin nan mai ɗaukar hoto daga sama, suka sauko da shi daidai kunnen jakin. Jaki ya zabura, Baba ya faɗi a kwalbati, hularsa ta yi gefe. Salati ya yi. Amma da fim ya fito, an cire salatin an ɗora wata muryar tana ihun aljani ya zo.

Asama'u ta ƙi tura shi, sai dai masu turin kasuwar Ɗanbatta ba su ƙi ba. Kafin sanyi ya wuce, sunan mahaifinta ya koma Baba Aljani a bakin 'yan acaɓa da masu shayi. Mutumin da tun kafin a haife ta bai taɓa fashin kasuwa ba ya daina zuwa. Ya daina zama a dakalin ƙofar masallaci, ana sallamewa sai ya zari takalminsa. Duk lokacin da ta tada maganar sai ya ce ta bar wa Allah. Amma ba ta bari ba. Ta ajiye wannan guntun a kwamfutarta, ba don kowa ba, tana buɗe shi jifa-jifa don kada zuciyarta ta huce.

Damina ta shigo da tsada. Maganin feshi ya gagari talaka, 'yan ƙwadago ma haka, sai mutanen ƙauyen suka koma wa gayya irin ta da. Mai gona ya raba goro, maza su taru da garemani su huɗe masa gonarsa a yini guda, mata su kai abinci, gobe a tafi ta wani. Gonar Baba ce kaɗai ciyawa ta shanye, don rabon goro sai an shiga mutane, shi kuwa ya daina shiga.

Ana cikin haka Ɗanliti ya dawo. Fim ɗin ya karɓu, yana son zango na biyu. Baba bai fito ba, Asama'u ce ta sa hijabi ta same shi a zaure. Ya riga ya ji labarin ita ce mai turin garin, don haka ya tambaye ta ko ta ga aikinsu.

"Na gani. Duk garin nan an gani."

"To ya kika gan shi, Malama? An ce ke ba kya ɓoye ra'ayi."

Ta dubi tabarma ta ce an yi dariya sosai, sai dai kowa ya gane noman da ya yi a ciki na ƙarya ne, ko gumi babu a goshinsa. Ta ce 'yan kallo sun waye, sun ga na Indiya sun ga na Turkiyya, sun san abin da aka sha wahala a kansa. In yana son abin da ba a taɓa ɗauka ba, akwai gayya a gonar Baba ranar Asabar, da gangar noma da komai.

Idonsa ya yi haske. Mutane cike da gona, da makaɗi, ba tare da ya ɗauko kowa daga birni ba. Sai ta ƙara masa da cewa sharaɗin gayya ɗaya ne, duk namijin da ya taka gonar sai ya kama kunyarsa ya huɗe ta har ƙarshe, masu kamara dai su tsaya a bakin hanya. Ya yi dariya ya ce ai wannan shi ne wasan. Ta kuma ba shi shawara ya faɗa wa makaɗi sunansa na yanka da na mahaifinsa, don kirari ya fi daɗi da su.

Abin da ba ta faɗa masa ba shi ne, a gayya wanda ya zo ƙarshe rabon makaɗi ne.

Ranar nan ta sayi goro ta ba mijin Hure ya raba da sunan Baba. Da Baba ya ji, ya yi faɗa, ya ce wa ya aike ta. Ta ce ciyawa ce ta aike ta. Goro dai ya riga ya shiga hannun mutane, mai gona kuwa ba ya ɓuya ranar gayyarsa.

Asabar da hantsi maza suka jeru a bakin gona, kowa da kunyarsa a gabansa, dogaye har gindin kukar da ke kan iyaka. Ɗanliti ya fito daga mota cikin yagaggen wandon nan da hula ta karkace, ya shafa gawayi a haƙora. Ba wanda ya yi dariya. Aka miƙa masa garma, aka ba shi kunyar da ke kusa da ta Baba. Ɗan'auta makaɗi, wanda shi ma ya sha cin tuwon gidan Baba, ya karɓi sunan, Sama'ilu ɗan Alhaji Kashim, ya maimaita shi a hankali kamar mai ɗanɗana miya.

Ganga ta tashi. Garemani suka sauka tare.

Ɗanliti ya yi sara kaɗan yana murguɗa baki wa kamara, ya yi faɗuwar ganganci, ya tashi, ya ɗaga hannu ya ce a tsaya a sake ɗauka. Ba wanda ya ɗago. Ya ƙara ɗaga murya. Ganga ba ta san wannan umarnin ba, layin maza ya ci gaba da tafiya ya bar shi a baya. Sai Ɗan'auta ya baro layin, ya dawo ya tsaya a kansa.

Da farko yabo ya yi masa, irin wanda ya fi zagi ciwo. Daga nan ya juya kiɗan. Ya tambayi Sama'ilu ɗan Alhaji Kashim ko tuwon da ya girma da shi daga kamara yake fitowa. Ya ce ga mai koya wa duniya yadda ɗan ƙauye yake tafiya, yau ƙauye ya ce bismilla. Matan da suka kawo fura suka ajiye ƙwarya suna amsawa da tafi, Hure a gaba.

Da a ce Ɗanliti ya ajiye garmar ya koma mota, da makaɗin ya raka shi har can da sunan ubansa, shi ma ya gane haka. Yaransa na bakin hanya sun riga sun fara ƙunshe dariya. Sai ya sunkuya ya kama noma da gaske. Ƙasar ta sha ruwa, tana da nauyi. Kunyarsa ta riƙa karkacewa tana shiga ta maƙwabta, ya sare dawa biyu, tafin hannunsa ya tashi ya fashe. Gawayin haƙoransa ya bi gumi ya gangaro haɓa. Bai kai tsakiya ba ƙafafunsa suka ƙi, ya zube a kwarin kunya yana haki, hularsa ta yi gefe.

Asama'u tana tsaye cikin mata da wayarta a ƙarƙashin hijabi, bakin kamarar kaɗai ya leƙo.

Baba ya kai gindin kuka tare da samari. Ya miƙe, ya share fuska, sannan ya yi abin da ake yi wa na ƙarshe a kowace gayya, ya kama kunyar Ɗanliti daga can ƙarshen ya huɗo ta har inda yake zaune. Ganga ta yi ƙasa.

"Sannu, yaro," in ji Baba. "Ɗan gusa, ka zauna mini a kan dawa."

Gona ta ɗauki dariya har da masu kamara.

Asama'u ba ta ɗora wa abin da ta ɗauka wata murya ba, ba ta yanke komai ba. Ta dai sa shi a farkon kowace memori da ta shigo hannunta, ko ta Indiya aka zo nema ko ta Koriya, ta kuma aika wa masu turin Ɗanbatta kyauta. Hure ta ce wannan ya fi na Turkiyya, ga shi kuma yana da ƙarshe. Zango na biyu bai fito ba har aka yi girbi.

Ranar kasuwa da safe Baba ya sa farar rigarsa, ya ɗaura wa jaki akumari. Ya tsaya a ƙofar ɗakin da kwamfutar take, ya yi gyaran murya, ya ce ya ji an ce ta ɗauki wani abu, kuma bai ga amfanin irin wannan ba. Ta ce haka ne, Baba. Sai ya shigo ya zauna a bakin gado. Ta kunna masa. Ya kalla har ƙarshe fuskarsa a ɗaure.

"Ma'u," ya ce, "mayar da shi baya kaɗan, wajen da ya zauna."

Ta mayar. Da ya gama ya gyara hularsa, ya fita ya hau jakinsa, ya bi hanyar da ta ratsa ta gaban masu shayi.