Inci Goma Sha Ɗaya

Likita ya gaya wa tsohon tela magana ɗaya: da gudan jinin da ke ƙafarsa, kada ya zauna a jirgin sama fiye da awa shida. Tela bai yi musu ba. 'Yarsa ta haihu a can ƙetaren teku, aiki kuma ba zai sake ta ta zo gida ba sai bayan shekara biyu. In yana son ganin jikarsa tana jaririya, shi zai je.

Ya koma shago ya sauke taswirar duniya da ke bango, ya shimfiɗa ta a kan teburin yanka kamar yadi. Sau ɗaya ya taɓa hawa jirgi, tafiyar awa biyu. Ya ɗora tef tsakanin filayen jirgin nan biyu, inci huɗu. Ya auna daga nan zuwa filin jirgin garin 'yarsa, inci goma sha ɗaya. Ya buga lissafi da alli, awa biyar da rabi. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana awo, wa zai ja da shi? Matarsa ta ce, "Maigida, ka dai tambaya." Ya ce tef bai taɓa yi masa ƙarya ba.

Kwana uku ya yi yana ɗinka wa jaririyar riga, ya naɗe ta a takarda, sannan ya nufi ofishin tikiti.

Ma'aikaciyar ta duba kwamfuta. "Awa tara da minti ashirin, Baba. Kuma babu inda ake yada zango, ruwa ne zalla."

"'Yata, sake dubawa. Ni na auna."

"Da me?"

Ya zaro tef daga wuyansa, ya ce a taswirar bango ya auna. Ta danne dariya, ta ɗauko ƙaramar taswira mai siffar ƙwallo daga kan teburinta, ta ce ta bango miƙar da ita aka yi, wani wuri ya buɗe fiye da wani.

Tela ya zagaya ƙwallon da tef. Abin da yake yi wa sababbin teloli faɗa a kai ke nan kullum: ba a auna mai tumbi da rigarsa a shimfiɗe, a jikinsa ake aunawa. Kunya ta kama shi, sannan baƙin ciki ya biyo baya.

"In yanka tikitin, Baba?"

"Bar shi."

Ya dawo shago. Ya ajiye 'yar rigar a aljihun tebur, ya jawo sabon yadi, ya zana awon yarinya mai shekara biyu. Ya tsaya da almakashi a hannu, sannan ya ƙara inci biyu a ƙasa, ko da zuwan nasu zai wuce haka.