Mamakin Shagon Aski

Ranar da mahaifin Shizue ya cika shekara shida da rasuwa, bayan malamin haikali ya gama karatu ya tafi, su uku suka rage a gaban abinci: ita, da mijinta Noboru, da ƙanenta Tatsuo da ya zo daga Osaka a jirgin ruwan safe.

Tatsuo ya zuba wa kowa shayi, abin da bai saba yi ba, sannan ya ce, "Yaya, na sayar da gonar lemo. Masu wutar sola za su kafa allunansu a kan tudun. Da an gama girbin bana za a sare itatuwan."

A takarda gonar tasa ce, shi tsoho ya bar wa. Amma Shizue ce ke hawa tudun nan kullum tun da gwiwoyin tsohon suka gaza. Ita ke rage rassa, ita ke feshi, ita ke sauko da kwanduna cikin sanyin Disamba.

Kafin ta buɗe baki, Noboru ya ce, "Eee?" Ya ja ta da tsawo, ya ɗaga ƙarshenta sama, har da zaro ido.

Shizue ta juya ta dube shi. Shekara talatin da ɗaya tana jin yadda mutumin nan yake nuna mamaki. In abu ya zo masa ba zato, "E" ɗaya yake yi, gajeriya kamar shaƙuwa, sai ya yi tsit. Haka ya yi ranar da 'yarsu Mariko ta ce za ta yi aure. Doguwar kuwa ta shagon askinsa ce, wadda yake yi wa tsofaffi in suna ba shi labarin da ya ji sau goma. Yanzu kuma hannunsa ma bai tsaya ba, yana ta cire ƙaya daga kifinsa.

"Baban Mariko, tun yaushe ka sani?"

"Ni? Ai yanzu nake ji, kamar ke."

"Na yi maka kama da wanda ya zo aski?"

Tatsuo ya ja ɗan tsaki, ya ce wa Noboru, "Sai da na ce maka ka yi shiru kawai. Ba ka iya ba."

Daga nan magana ta fito. Tun bazara aka gama komai. Ranar da Shizue ta je Matsuyama duba idonta, Noboru ne ya hau tudun da mutanen kamfanin a motarsa, ya nuna musu iyaka, ya buga hatiminsa a matsayin shaida. Da yamma kuma ya je tashar jirgi ya ɗauko ta, yana tambayarta me likita ya ce.

"Saboda ciwon bayanki ne fa," in ji Noboru. "Kwana nawa kika yi a kwance bara? Da mun tambaye ki ba za ki yarda ba."

"Shi ya sa ba ku tambaya ba."

Shizue ta kalli hoton mahaifinta, ta ce, "Aa-a," a hankali, muryar na gangarowa, irin wadda ake yi in kwano ya suɓuce ya riga ya fashe. Ta ɗauke nata kwanon kaɗai ta shige kicin.

Ita ta yi girbin shekarar, tare da mata biyu maƙwabta. Sau uku Noboru yana rufe shago ya hau tudun da safar hannu, sau uku tana cewa, "Mun wadatu, mun gode," kamar tana magana da baƙo.

Ana gobe masu sara za su zo, ta haɗa jaka ta ce za ta je wajen Mariko a Hiroshima, sati biyu. Har ƙarshen Afrilu ba ta dawo ba. Duk Lahadi Noboru yakan kira. Takan ɗauka, ta gaya masa ko an yi ruwa, ta tuna masa ranar fitar da shara, sannan ta miƙa wa jikarsu wayar.