Ƙafar Tela

"Na ce ki yi masa allurar nan!"

"Na ji ka. Har masu jinya na ɗakin gaba sun ji ka," in ji Sista. Ba ta ko ɗago kai daga ledar ƙarin ruwan da take sauyawa ba.

Babban ɗan tela ya danne ƙafar mahaifinsa da hannu biyu. Tun wayewar gari ƙafar dama take motsi a ƙarƙashin zanin gado, diddige ƙasa, yatsu ƙasa, diddige, yatsu, ba hutawa. Kwana biyu ke nan tsohon bai ce uffan ba. Ciwon ya gama cinye shi, likita kuma bai ɓoye musu ba, ya ce abin da ya rage kwanaki ne, wataƙila ma ba su kai ba.

"Likita ya rubuta ta. Da idona na gani."

"Ya rubuta a yi idan yana jin zafi."

"To wannan mene ne? Rawa yake yi?"

Sai a lokacin ta dube shi. Mace ce gajera, furfura ta leƙo ta gefen hularta, takalminta ya cinye ta gefe ɗaya.

"Direba ne kai, ko? Shi ya sa duk abin da ya motsa sai ka taka masa birki. Ɗana, allurar nan tana da ƙarfi. Yadda jikinsa ya zama, in na yi masa, barci zai yi, kuma ba na jin zai farka. Ranar da yake iya magana ya riƙe hannuna ya ce kada a sa shi barci sai Autarsa ta iso, sai fa in zafi ya fi ƙarfinsa. Na rubuta a takardarsa, likita ya sa hannu."

"Ni ne babban ɗansa."

"Kai ne. Amma jikin nasa ne."

Ya waiwaya ya dubi ƙofa. Auta tana hanya tun jiya, motarsu ta lalace sau biyu. Shi kuwa yana nan, shi ke kallo, shi ne ƙafar take bugawa a tafin hannu kamar tsuntsun da aka kama.

Sista ta sunkuya daidai kunnen tsohon. "Baba Tela, ni ce. Zan taɓa goshinka." Haka take yi kullum, sai ta nemi izini wajen mutumin da ba ya amsawa. Da farko abin har haushi yake ba wa babban ɗan.

"Zo ka gani," ta ce. "Mai jin zafi goshinsa yana tattarewa. Yana cije baki, yana dunƙule hannu, numfashinsa yana gudu. Duba nasa. Sumul. In ya tattare, ba sai ka yi mini ihu ba, da kaina zan ɗauko allurar. Yanzu dai sakar masa ƙafa."

Ya saki, ba don ya yarda ba.

Ƙafar ta ci gaba. Diddige, yatsu. Diddige, yatsu. Ta yi sauri, ta lafa, ta tsaya kamar ƙiftawar ido, ta sake ɗauka.

Ɗan ya ƙura mata ido. Ya san wannan tafiyar. A ƙarƙashinta ya yi rarrafe, a cikin shago mai ƙofa ɗaya, tsakanin ƙyallaye da guntayen zare. Shekara arba'in ƙafar nan tana taka keken ɗinki. Lafawar nan kwanar aljihu ce. Tsayawar nan, juya yadi ake yi.

"Ɗinki yake," ya ce.

"Tun asuba. Makon farko da aka kawo shi ya ga aljihuna ya ɓarke, ya ce abin kunya ne a gabansa. Yana ɗinke mini da hannu, ƙafar tana tafiya ita kaɗai." Ta nuna aljihun. "Har yau bai sake ɓarkewa ba."

Ya zauna a kujerar roba. Mako uku kacal matar nan ta san mahaifinsa. Shi shekara talatin da bakwai, ga shi ya kwana biyu a gefen gadon, ya wuni yana danne masa ƙafa.

Rana ta karkata kafin Auta ta shigo, da jaka a kafaɗa da ƙurar hanya a fuska.

"Yaya, yana ji?"

Ya dubi Sista. Sista ta ce, "Yi masa magana kawai. Kunne ne ke tafiya a ƙarshe."

"Baba, na zo. Ni ce."

Idon tsohon, da ke rabi a buɗe, bai motsa ba. Amma yatsun hannun suka fara lalube a kan ƙirji. Sista ta ce, "Baba Tela, ga aikinka," ta ja bakin mayafin Auta ta sa masa tsakanin yatsu.

Hannayen da suka kwana biyu a mace suka kama yadin. Suka ninka bakinsa sau ɗaya, suka sake ninkawa, babban yatsa ya bi ya danne. Sannan suka fara turawa a hankali, ƙafar tana ba su gudu. Mai shara da ta zo wucewa ta tsaya a bakin ƙofa da tsintsiya a hannu. Auta ta durƙusa, tana sakar masa mayafin kaɗan kaɗan daga kafaɗarta, hawaye na zuba, ba ta share ba.

Tsohon ya kai ƙarshen yadin. Ƙafar ta lafa, ta yi taku uku gajeru, irin na ƙulle ɗinki. Yatsu biyu suka tsinke zaren da ido ba ya gani.

Ƙafar ta tsaya.

Numfashin ya ɗan ƙara tafiya, ya fita, bai dawo ba.

Sista ta ɗora yatsu a wuyansa, ta daɗe. Ta dubi agogon da ke maƙale a rigarta. Sannan ta sunkuya daidai kunnensa kamar kullum.

"Baba Tela, ni ce. Zan rufe maka ido."

Babban ɗan ya ɗauki bakin mayafin. Ninkin yana nan, miƙe sambal daga wannan gefe zuwa wancan, faɗinsa bai fi farce ba, ko'ina daidai. Ya bi shi da yatsa har ƙarshe. Ya dubi ƙanwarsa, ya dubi Sista da ke naɗe igiyar ƙarin ruwa.

"Sista," ya ce, "da na sa kin yi allurar nan fa?"