Tsagar da ta Nufi Fuskarta

Shekara ashirin yana yanka wa mutane gilashi, amma tsagar da ta hana shi sukuni a ɗakinsa take, jikin gilashin hoton da ke rataye saman gado. Su uku ne a ciki: shi a tsaye daga hagu, marigayiya matarsa a zaune, Auta jaririya a cinyarta. Hoton matar ke nan kaɗai da suka mallaka.

Daga kusurwar ƙasa tsagar ta faro, ranar da iska ta maka ƙofa. Kullum da safe sai ya ɗiga biro a bakinta, kafin yamma ta wuce ɗigon. Ya san halinta. Rana ta gasa bango gilashi ya saki, in ya huce ya tsuke, ƙarfin duka kuma a ɗan bakin nan yake taruwa. Fuskar matar ta nufa.

Ya so ya zare hoton ya sake gilashi, ashe danshi ya manne su. Yana ɗaga gefe da farce takardar ta fara ɓarewa, launin ya zauna jikin gilashi, farin ya biyo hannunsa. Ya saki da sauri.

Ya kira Auta, wadda ke karatu a wani gari.

"Baba, lafiya? Aji zan shiga."

"Lafiya lau. Hoton mamanki ne..."

"Kar dai ka ce ka fasa. Kai da ko kofi ba ka yarda in riƙe."

"Yana nan."

"To ka ci abinci, ka ji? Zan kira."

Ya ajiye wayar. Tsaga ba ta komawa baya, ba ta jin lallashi, amma in an ja mata layi tana bi. Ya shimfiɗa tawul a tebur ya kwantar da hoton. Ya duba ta nan, ya duba ta can. Hanya ɗaya ce za ta fita ba ta taɓa su ba.

Ya tsoma bakin abin yankansa a kananzir, ya ja layi daga ɗigon ƙarshe, ya lanƙwasa shi sama, ta kan ƙirjinsa na cikin hoton, ta kuncinsa, har gefe. Ya danna da manyan yatsu biyu. Ƙas, tsagar ta bi layin ta fice.

Ya mayar da hoton kan ƙusa. Uwa da 'ya ko ƙwarzane babu, shi kuwa ya rabu biyu. Ya jawo abincinsa da ya huce ya zauna yana fuskantarsu, wayar a gefen kwano.