Benci Sittin

Da gari ya waye, a gonar Baba Daudu aka tsinci rufin azuzuwa biyu na makarantar firamaren Tsamiyar Kawu. Iskar farkon damina ta yaye kwanon har da katakonsa, ta nannaɗe shi kamar tabarma, ta yar a kan kunyoyi. Malama Ikilima, shugabar makarantar, ta tsaya a bakin gonar ta yi tagumi. Azuzuwa uku gare ta, ɗalibai ɗari biyu da goma sha huɗu. Yanzu aji ɗaya ne kawai ya rage da rufi.

"Mu gode wa Allah ba kowa a ciki," in ji Baba Daudu, dattijon da ke shugabantar kwamitin makarantar. "Kuma ai an saukar da magani tun kafin cuta. Ba makon jiya kika ce kuɗin gwamnatin tarayya sun shigo ba?"

"Sun shigo, Baba. Amma na benci ne."

"Kuɗi ai kuɗi ne, Malama. Ko an rubuta wa naira benci a goshi?"

Washegari Ikilima ta hau babur, ta bi hanyar da ta ratsa duwatsun Roni, zuwa ofishin da ke kula da tallafin makarantu. Jami'in da ke riƙe da fayil ɗinta, Jalaluddeen, tsohon ɗalibinta ne; a hannunta ya koyi haɗa baƙi. Yana ganinta ya miƙe, ya russuna, ya ba ta kujerarsa. Ta nuna masa hotunan ɓarnar a wayarta, ta ce so take a bar ta ta sayi kwano da kuɗin.

Ya duba hotunan ɗaya bayan ɗaya.

"Malama, ranki ya daɗe, abin da kika nema a bara shi aka amince da shi. Benci sittin. In kina son sauyi, akwai fom. Mu za mu sa hannu, ya tafi Dutse, daga can ya wuce Abuja."

"Kwana nawa?"

"In an yi sa'a, wata uku."

"To ba ni fom ɗin."

"Sai dai wa'adin kashe kuɗin kwana ashirin da ɗaya ne. Abin da ba a kashe ba komawa yake yi. Makarantar da ta mayar da kuɗi kuwa, ba a sa ta a jerin baɗi."

Ikilima ta zuba masa ido. "Jalalu, ka ji abin da bakinka yake faɗa? Takarda wata uku, wa'adi mako uku?"

"Na ji, Malama. Wallahi ba ni na tsara ba." Ya rage murya. "Kuma don Allah kada ki bari wani ya zuga ki. Akwai shugaban makarantar da ya gina rijiya da kuɗin fenti. Rijiyar tana nan ana sha, shi kuwa shekara biyu ke nan bai ga kuɗin sallamarsa ba."

Wata takwas ya rage mata ta yi ritaya. Ya sani, ita ma ta san ya sani.

Duk da haka ta cike fom ɗin, shafi tara, a tsaye.

Da ta koma ƙauye, Baba Daudu ya riga ya yi nasa tunanin. Ya ce akwai wani kafinta a Kazaure, Joseph, mutumin kirki, wanda in aka yi masa bayani zai rubuta rasit ɗin benci, a ɗauko bandir-bandir na kwano.

"Ba sata za mu yi ba," in ji shi. "Kwabo ba zai shiga aljihun kowa ba."

"Masu bincike ƙirgawa suke yi ɗaya bayan ɗaya, Baba. Har lamba ake buga wa kowane benci. In suka zo na nuna musu me?"

"Ki nuna musu sama."

Shekara talatin da huɗu Ikilima tana aiki ba a taɓa kiranta gaban kwamitin bincike ba. Kwana uku tana juya maganar. Ta aika wa masu hali na garin tana neman taimakon kuɗin kwano. Aka ce kowa ya zuba abin hannunsa a iri da taki, a bari sai kaka. Ta buga wa Jalaluddeen waya sau shida, kullum amsa ɗaya: fom yana kan tebur. A rana ta goma ta je Kazaure da kanta, ta ba Joseph aikin benci sittin, ta karɓi rasit na gaskiya.

Akori-kura biyu suka kawo su, suna ƙamshin sabon katako, kowanne da lambarsa da farin fenti. Aka jera su a azuzuwan da ba rufi, domin babu wani wurin. Yara suka yi ta shafa su suna murna.

Mai bincike ya zo ranar wata Laraba, baƙo ne, mai fara'a da sauri. Ya ƙirga, ya duba rasit, ya sa aka zaunar da yara. Da zai ɗauki hoto sai ya sunkuyar da wayar kaɗan, don kada sararin sama ya fito.

"Hajiya, kin cika ƙa'ida ɗari bisa ɗari," in ji shi. "Da kowa haka yake, da mun huta."

"Rufin fa, yallaɓai?"

"Wannan ba ɓangarena ba ne." Ya miƙa mata wata takarda. "Sa hannu a nan. Alkawari ne cewa za a adana kayan. Duk wanda ya lalace saboda sakaci, daga haƙƙin shugabar makaranta za a cire. Shawarata, a riƙa shigar da su ajin can mai rufi in hadari ya taso."

Ta sa hannu. Motarsa ta tashi.

Kwana biyu bayan haka, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe, gabas ta yi baƙi ƙirin. Baba Daudu ya shigo harabar da sassarfa, babbar rigarsa tana kaɗawa, yana kiran malamai su zo a kwashe bencuna. Ikilima ta dubi ajin mai rufi. Ba zai ɗauki katako da mutane tare ba. Ta dubi yaran, waɗansu daga rugagen da ke hayin rafi suke zuwa, in ruwa ya sauka ba su da hanyar gida sai yamma.

"Ku bar su," in ji ta. "Yara su shiga. Ƙanana a gaba."

Suka cunkusu, waɗansu a ƙasa, waɗansu a kan cinyar 'yan'uwansu. Ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Daga baranda tana hango shi yana dukan bencunan, yana taruwa a ƙafafunsu.

Baba Daudu ya matso kusa da ita, yana matse hularsa.

"Malama, kuɗin sallamarki ne fa ruwa yake duka."

"Na sani, Baba."

Ta ɗauki alli a kan taga, ta shiga aji tana tsallake ƙafafun yara, ta ɗaga murya don ta rinjayi ƙarar kwano.

"To, a ina muka tsaya jiya?"